Kawu, an ba ni aikin rubuta tarihin dattijon da ya ɓata wa babana suna

Assalamu alaikum Kawu, ya gida ya iyali ya ƙoƙari. Don Allah a sakaya sunana. Ni matashin ɗan jarida ne, shekarata uku a ɓangaren wasanni. Editanmu ya ba ni aikin rubuta doguwar maƙala kan wani dattijo da ya kusa shekara 40 yana rubuta sharhin ƙwallo duk mako, za a karrama shi wata mai zuwa kuma hotonsa za mu sa a bangon mujalla. To matsalar Kawu, mahaifina tsohon gola ne, ya tsare wa wani kulob raga a shekarun 1980, kuma tun muna yara muke ji a gida cewa wannan mutumin ne ya rubuta wai Baba ya sayar da wasa, daga nan aka ajiye shi a benci, yara suka riƙa yi masa ihu a unguwa, ƙarshe ya bar ƙwallo ya koma kasuwa. Har yau in aka kunna wasa a rediyo tashi yake ya bar wajen. Edita bai san da wannan ba. Wani abokina yace Allah ne ya kawo min shi har gida, rama cuta ga macuci ibada ce, in tono duk abin da ake faɗa a kansa, su karɓar ambulan, wato kuɗin toshiyar baki, da fifita kulob ɗaya. Wani kuma yace tsoho ne, in yi masa kirari in wuce kamar yadda kowa ke yi. Ni kuma gaskiya tun ina sakandare nake karanta shi a ɓoye kuma rubutunsa na burge ni, abin har kunya yake ba ni. Ya zan yi?

Wa alaikumus salam ɗana. Saƙonka sau biyu na karanta shi, na farko a tsaye, na biyu sai da na nemi kujera, don abin ya taɓo min wani tsohon miki da zan gaya maka nan gaba kaɗan. Allah ya ƙara wa Baba lafiya, ka gaishe min da shi in hali ya yi.

Kafin komai, gobe da safe kafin ka buɗe kwamfuta ka shiga ofishin editan nan ka ja ƙofa ka gaya masa kai ɗan waye. Nasan abin da ke ranka, kana tsoron ya karɓe aikin ya ba wani, kuma labarin bango ba kullum yake zuwa hannun mai shekara uku a aiki ba. To ya karɓe mana. In ya karɓe ka yi asarar maƙala ɗaya, in kuwa ka ɓoye har ta fito, wallahi garin nan ƙarami ne, tsofaffin 'yan ƙwallo duk sun san juna, suna haɗuwa a ɗaurin aure da jana'iza, kwana biyu ya yi yawa wani zai ce ai yaron nan ɗan wane ne gola, shikenan ko ayar Ƙur'ani ka sa a ciki za a ce fansa ka ɗauka, in kuma yabo ka zuba a ce ka sayar da ubanka don a sa sunanka a mujalla. Ta kowane ɓangare kai ne a ƙasa. Amma edita mai hankali zai iya cewa ci gaba, sai dai ya sa wani ya bi rubutun layi-layi kafin a buga, ko yace ka faɗa wa mai karatu alaƙar a cikin maƙalar da bakinka. Duk wanda ya zaɓa ya fi maka ɓoyon.

Sai abin da na lura da shi a wasiƙarka wanda ina jin kai baka lura ba. Kace "muke ji a gida", kace "wai". Ɗana ka taɓa ganin rubutun nan da idonka? Ka riƙe jaridar a hannu? Ina kyautata zaton a'a. Kana ɗauke da jimla ɗaya a ƙirji tun kana yaro, ta biyo ta bakin Inna da kawunnai da maƙwabta shekara talatin da wani abu, kuma kasan magana in ta yi irin wannan tafiyar riga take canzawa a kowane zango. Ba ina ƙaryata mutanen gidanku ba ne, Allah ya kiyaye, amma kai ɗan jarida ne, gani ya kori ji. Ka shirya ka tafi Kaduna, Arewa House da ofishin adana kayan tarihi na ƙasa duk suna nan, ko ɗakin karatu na Kashim Ibrahim a jami'ar Ahmadu Bello Zariya, a irin wuraren nan ake samun tsofaffin jaridu an ɗinke su kundi-kundi, su Gaskiya Ta Fi Kwabo da ta fara fita tun 1939, su New Nigerian da ta zo 1966, in ta Kano ce ka bi sawun Triumph da gwamnatin Rimi ta kafa a 1980 da 'yar'uwarta Albishir. Baka faɗa min a wacce ya rubuta ba kuma bana so ka faɗa. Ka tafi da hankici don ƙurar wajen sai ta sa ka atishawa har hawaye, takardun sun yi ja sun bushe, in ka juya shafi da gaggawa gefensa ya ɓare ya zubo maka a cinya kamar garin kwaki, kuma shafin wasanni a can baya yake, shi ne wanda ya fi shan wuya don shi ake fara yagewa a ƙunshe ƙosai. Ka nemo makon, ka ɗauki hotonsa da waya, ka nemo na makon da ya gabace shi da na makonni huɗu bayansa, don ka ga ko ya sake taɓo maganar, ko ya janye, ko wani ya aiko da martani.

Yanzu ga mikin nawa. Ina saurayi, kan nan cike da gashi da kuma ji da kai, na je wani wasa da alƙali ya ba da fenareti ana saura minti biyu a tashi, filin ya hargitse, ruwan duwatsu, 'yan sanda suka fitar da shi a bayan mota. Na koma ofis na rubuta cewa hukuncin nasa akwai alamar tambaya, na kawo dalilai na wasa, iyakar abin da na rubuta kenan. Da safe na ga jarida, kanun da aka ɗora a kai da manyan baƙaƙe yana nuna an toshe wa alƙalin baki ne. Mai tace labari a tebur shi ya sa kanun, a wancan zamanin ka miƙa rubutunka ka tafi gida ne, abin da za a ɗora a kansa sai ka gani tare da kowa. Amma kar in wanke kaina da yawa, ban koma nace a gyara ba, daɗi ma na ji da naga jaridar ta ƙare a hannun 'yan talla kafin azahar ana ta kiran sunana a teburin mai shayi. Bayan shekara fiye da ashirin a wajen wata walima wani magidanci ya zo ya durƙusa ya gaishe ni da ladabi, ya faɗi sunan babansa, yace Baba ya rasu bara, kuma har ya rasu yana ajiye da jaridar nan a ƙasan akwati. Bai zage ni ba, bai ɗaga murya ba, ya miƙe ya tafi. Shinkafar da ke gabana ban iya ƙarasa ta ba. Na faɗa maka wannan ne don ka san mai ba ka shawarar nan ya taɓa zama a kujerar dattijon naka, sai ka auna maganata da wannan, kuma don ka san in ka buɗe kundin nan komai kana iya tararwa. Kana iya samun bai ambaci sayar da wasa ba sam, ya dai ce golan ya yi sakaci, 'yan tasha suka ƙara gishiri. Kana iya samun kanu ne ya yi ɓarnar. Kana kuma iya samun ya rubuta ɗin ɓaro-ɓaro har ya fi yadda aka gaya maka muni. Sai ka je ka gani.

In ka je kar ka tsaya a wannan makon kaɗai. Yi lissafi, mutum yana rubutu duk mako shekara 40, ai ya doshi maƙala dubu biyu. Ba za ka iya karanta su duka ba amma ka tsinci na shekaru daban-daban ka karanta ko da hamsin ne ko sittin, ka ga me yace lokacin da Ranchers Bees ta Kaduna ta kai wasan ƙarshe na kofin Afirka na masu riƙe da kofi a 1988 ta sha kashi a hannun 'yan Tunisiya, me yace da aka haɗa kulob uku aka kafa Kano Pillars a 1990, me yace da El-Kanemi ta ɗauki kofin ƙalubale sau biyu a jere 1991 da 1992, ina ya tsaya a rigingimun Westerhof, kocin Najeriya na lokacin, da hukumar ƙwallo, ya taɓa tsaya wa 'yan wasan da aka riƙe wa albashi ko kullum yana bayan masu kujera, hasashensa nawa ya faɗa daidai nawa ya sha ƙasa. A nan za ka san mutumin. Zargin nan na fifita kulob ɗaya da abokinka ke faɗa, kaga wannan abu ne mai sauƙin tantancewa, rubutunsa na nan ba ya gudu, in duk ranar da kulob ɗinsa ya ci sai yace ƙwarewa ce in aka ci su yace alƙali ne, ka kawo misali uku huɗu da ranakunsu ka ajiye wa mai karatu, ba sai ka ce masa komai ba. Kuma ka tuna shafin sharhi yake rubutawa, ra'ayi ne, an yarda mai sharhi ya zama yana da inda zuciyarsa ta karkata, abin tambaya shi ne ko son nasa ya taɓa kai shi ga faɗin abin da bai faru ba.

Akwai wani abu da ya faru a Amurka da nake yawan ba yara misali da shi. Wani shahararren mai sharhin wasanni, Mitch Albom, yana jaridar Detroit Free Press tun 1985, ya ci kyaututtuka ba adadi. A 2005 ya rubuta maƙala kan wani babban wasan ƙwallon kwando na jami'o'i, ya kwatanta wasu tsofaffin 'yan wasa biyu suna zaune cikin 'yan kallo suna mara wa tsohuwar makarantarsu baya. Ashe tun kafin a buga wasan ya rubuta ya miƙa, sun gaya masa za su je shi kuma ya rubuta kamar ya gansu, sai ba su je ba. Jaridar ta dakatar da shi na ɗan lokaci, ta binciki tsofaffin rubuce-rubucensa, daga baya ya dawo bakin aiki. To in an ce ka rubuta tarihin wannan mutumin, ka tsallake 2005 ka yi wa mai karatu ƙarya, ka cika rabin maƙalar da 2005 shi ma ka yi masa ƙarya, don rabin rayuwar mutumin ba a wannan makon take ba. Sakin layi ɗaya ko biyu, abin da ya faru, abin da jarida ta yi, abin da shi yace, ka wuce. Mutane da yawa sun ɗauka adalci a rubutu shi ne a raba shafi biyu kamar gadon 'yan'uwa, yabo mudu ɗaya suka mudu ɗaya. Ina! In alherin mutum buhu ne laifinsa tiya, haka za ka auna, in kuma laifin ne buhu kar ka ji kunyar faɗa don yana da furfura.

Mu fa bamu da uzuri a wannan fannin, don malaman hadisi sun gama mana aikin tun fiye da shekara dubu, sana'arsu kenan, auna mutane, wane a karɓi ruwayarsa wane a ajiye. Ana ruwaito cewa an tambayi Aliyu bin Madini, malamin Imamu Bukhari, game da mahaifinsa, yace ku tambayi wani, suka nace, ya sunkuyar da kai sannan ya ɗago yace wannan al'amarin addini ne, mahaifina mai rauni ne. Mahaifinsa fa. Kai ba a ce ka soki naka ba, an ce ne ka yi wa wanda ya soke shi adalci, kuma aya ta 8 a Suratul Ma'ida kai tsaye take magana a kan irin halin da kake ciki, cewa kar ƙin wasu mutane ya sa ku ƙi yin adalci. Malaman nan suna da ƙa'idoji biyu da nake so ka rubuta ka manna a jikin kwamfutarka. In an san mutum da kirki, ba a karɓar suka a kansa sai an fayyace dalili, "wane ba shi da kirki" ba magana bace, sai an ce ga abin da ya yi, ga rana, ga wanda ya gani. Sannan maganar tsara a kan tsaransa, wato abokan gogayya, ana taka-tsantsan da ita sosai don kishi na shiga. To ɗauki wannan ka auna maganar ambulan. Wa ya faɗa? In ka bi diddigi zakaga yawanci wani tsohon abokin aikinsa ne da suka yi takarar kujerar ƙungiyar marubuta wasanni, ko wanda aka tsallake aka tura shi dattijon rakiyar 'yan wasa ƙasar waje. Akwai wanda zai yarda ka sa sunansa yace ni na ba shi, ranar kaza, don ya rubuta kaza? In babu, maganar ta mutu a littafinka. Mutumin nan yana raye, ɓata suna laifi ne a dokar Penal Code da muke aiki da ita a arewa, kuma lauyansa ba zai kai abokinka kotu ba, kai da editanka zai kai.

Af, tunda an zo maganar ambulan bari in ɗan yi ɓaram-ɓarama. Ƙa'idojin aikin jarida da aka amince da su a Ilorin a 1998 sun hana karɓar na goro ƙarara, kowa ya sani, amma ɗana tsakaninka da Allah a shekara ukun nan baka taɓa tsayawa layi bayan taron manema labarai ana kiran sunaye ana miƙa "kuɗin mota" ba? Ban ce ka amsa min ba. Cutar gidan ce gaba ɗaya, albashi ba ya zuwa, kulob ke ɗaukarka a motarsa ya kai ka wasan waje ya ciyar da kai ya kama maka ɗaki, sannan a ce ka dawo ka soke shi. In kana son rubutu a kan wannan ka ware masa maƙala guda ka fara da kanka da ni, zan ba ka hira. Amma a ɗora wa tsoho ɗaya laifin sana'a sukutum a ranar karrama shi ba tare da shaida ba, wannan farauta ce.

Abokinka na biyu shi ma ban bar shi ba. Wai ka yi kirari ka wuce. Abin da ya kashe mana rubutun tarihin mutane kenan, ka ɗauki duk wata mujallar karramawa, gogagge, fasihi, haziƙi, bango majinginar marubuta, giwa mai tafiya da ƙasaita, ka karanta shafi huɗu ka rufe baka san ko a wace jarida mutumin ya fara aiki ba. Aikin maroƙa ne, kuma kasan halin maroƙi, wanda ya yi maka kirari yau in ka hana shi gobe zambo zai yi maka da bakin nan dai. Shi kansa dattijon in marubucin gaske ne raina ka zai yi. Wanda ya shekara 40 yana faɗa wa koci-koci da shugabannin hukuma abin da ba sa son ji, ka zo ka shafa masa mai kamar jaririn suna? Girmama shi shi ne ka karanta aikinsa da gaske, ka ciro jimlolinsa masu daɗi ka nuna wa yaran yanzu da ba su san komai ba sai Firimiya da Laliga a gidan kallo cewa an yi lokacin da mutum ke jiran jaridar Asabar don ya ji me wane zai ce kan wasan Raccah Rovers, kulob ɗin Kano da ya ɗauki kofin lig na ƙasa a 1978 wanda yau in ka ambace shi a majalisar samari sai su ɗauka sunan mota ne. Kuma burge kan da yake yi ka daina jin kunyarsa, ba cin amanar Baba bane, mutum na iya zama gwanin alƙalami kuma ya taɓa zaluntar wani da alƙalamin nan.

Sannan ka sa ido a kan ƙananan kalmomi, don mu Hausawa ba a dogon zance muke yanka mutum ba. "Wai" kaɗai ta isa. Ka rubuta "yace bai taɓa karɓar kuɗin kowa ba", sannan ka rubuta "wai bai taɓa karɓar kuɗin kowa ba", ka ji bambancin ai, ta biyun ka riga ka ƙaryata shi ka kuma murguɗa masa baki. Haka "ya yi iƙirarin", haka "ko da yake", haka "an daɗe ana raɗe-raɗin", wannan ta ƙarshen ita ce rigar da matsoraci ke sa wa jita-jita don ta shiga jarida. "Yace" ta wadatar a ko'ina. In ka gama rubutun ka bi shi da jan biro ka zagaye duk wata sifa da ka liƙa masa, mai daɗi da mara daɗi, ka tambayi kanka wace hujja ce a ƙarƙashinta, wacce babu ka goge.

Kar ka ɗauka duk wannan ina rage girman abin da aka yi wa Baba ne. Nasan abin da jimla ɗaya ke yi wa ɗan ƙwallo. A 1977 a Legas Godwin Odiye ya sa kai ya ci gidansu a wasan neman zuwa kofin duniya da Tunisiya, Ernest Okonkwo na rediyo yace Najeriya ta ci Najeriya, to Odiye yana cikin tawagar da ta ɗauko mana kofin Afirka na farko a 1980 amma tambayi duk wani dattijo sunansa ka ji abin da zai fara tunawa. Sani Kaita kuma a gabanka aka yi, jan kati ɗaya a wasanmu da Girka a kofin duniya na 2010 muna gaba da ci ɗaya aka dawo aka ci mu biyu, har barazanar kisa sai da aka yi masa. Waɗannan kuskure ne kowa ya gani a fili. Sayar da wasa kuwa zargin cin amana ne, ya fi zafi nesa ba kusa ba, gola kuma shi ne marayan fili, ɗan gaba ya zubar da ƙwallo biyar a manta, shi ta zille masa sau ɗaya a ce an saye shi. Ba wai ba a sayar da wasa a ƙasar nan ba, a 2013 an yi wasanni biyu na neman hawa mataki aka tashi 79 da nema da kuma 67 da nema a rana ɗaya, hukuma ta bincika ta kori 'yan wasan har abada ta dakatar da kulob-kulob ɗin shekara goma. Kaga wannan akwai abin kamawa. In dattijon nan ya rubuta an sayi gola ba tare da ko shaida ɗaya ba, ya yi zalunci, kuma shekaru ba sa mayar da zalunci ya zama ba komai.

To zai shiga maƙalar ko ba zai shiga ba? Ga ma'aunin da zan ba ka. Ka ɗauka golan nan baban wani ne, baka san shi ba, ka dai ci karo da labarin a cikin kundi. Za ka sa? In a karatunka ka ga ɗabi'arsa ce, ya yi wa gola ya yi wa alƙali ya yi wa koci, yana jifan mutane da zargi ba hujja, to wannan ɓangare ne na tarihin aikinsa, dole ya shiga, kuma zai fi kyau ka kawo misalin wasu ba na gidanku kaɗai ba. In kuwa sau ɗaya ne cikin dubu biyu, wasan ma ba wanda ya tuna shi sai ku, to gaskiya mai ɗaci ita ce babban abu ne a tarihin gidanku amma ƙarami ne a tarihinsa, wurinsa ba a wannan maƙalar yake ba. Kana iya rubuta shi daban wata rana da sunanka, a matsayin ɗa, kowa ya san daga inda kake magana, wannan halal ɗinka ne.

Ko ma wanne ne sai ka je ka same shi, ba a rubuta tarihin rayayye daga nesa. Ka je gidansa ba a waya ba, bayan la'asar, da ɗan goronka ko turare, ka cire takalmi ka gaishe shi yadda ake gaida uba. Kafin ka kunna rikoda ka gaya masa, Baba ni ɗan wane ne da ya tsare wa kulob kaza raga. Kar ka bari sai ya saki jiki ya gama ba ka labarin duniya sannan ka zaro takardar kamar ɗan sandan ciki, wannan kwanton ɓauna ne kuma zai ɓata duk abin da ka tara. Ka yi masa tambayoyin aikinsa tukuna, wa ya koya masa, nawa ne albashinsa na farko, ya ake aiko da labari daga Maiduguri ko Makurɗi lokacin da babu wayar hannu, wace maƙala yake alfahari da ita, wacce yake da-na-sanin rubutawa, wannan ta ƙarshen ka yi shiru ka ba shi lokaci, tsofaffi in aka yi musu shiru suna faɗin abin da ba a zata ba. Sannan ka miƙa masa hoton shafin kace Baba me ka gani a ranar nan. Wataƙila yace bai tuna ba, kuma ka shirya wa wannan don ya fi zagi ciwo, abin da ya rushe gidanku shi a wajensa wata Asabar ce cikin Asabar dubu biyu. Wataƙila ya kare kansa, yace ga wanda ya gaya masa. Wataƙila ya yi abin da ni na kasa yi a wajen walimar nan. Duk abin da yace ka rubuta shi yadda ya faɗa, ba ƙari ba ragi ba "wai".

Amma kafin Kaduna, kafin gidan dattijo, bayan ka fito daga wajen edita, akwai mai haƙƙin da ya fi kowa. Labarin nan na Baba ne, ba naka bane, kuma mutumin da ke tashi in an kunna rediyo ba lallai yana son a sake buga sunansa kusa da kalmar sayar da wasa ba, ko da don a wanke shi ne, yaran da ba su taɓa ji ba yanzu za su ji, abokan kasuwarsa su samu abin tsokana. Daga wasiƙarka na fahimci baka taɓa jin labarin daga bakinsa ba, daga gefe kake tsinta. Kar ka tare shi a tsakar gida gaban Inna da ƙanne. Ka bi shi shago ranar da ba ciniki sosai, ko ku dawo daga sallar isha tare ka rage tafiya, kace Baba an ba ni wani aiki kuma ba zan taɓa shi ba sai na ji ta bakinka. In yace a bar maganar, ka bar ta, ka rubuta maƙalarka ba tare da ita ba ko ka mayar wa edita aikinsa. In kuma ya fara magana kar ka katse shi, kar ka ciro waya, ka tambaye shi ta wane ɓangare ƙwallon ta zo.

Ka rubuto min bayan ka dawo daga Kaduna, ina son jin abin da ke cikin shafin nan.